Satar gida, hannu da VAR: abin da doka ta yanke da abin da ta bar wa alƙalin wasa

Duk wanda yake zama gidajen kallon ƙwallo na Zariya, daga Samaru zuwa Sabon Gari, Tudun Wada ko Ƙofar Doka, ya san cewa busa ta ƙarshe ba ta rufe wasa. Ana kashe janareto a fito, musun ya koma teburin mai shayi, washegari ya bi ɗalibai aji, ya bi 'yan kasuwa rumfa. Wani lokaci kan koci ne, wani lokaci kan ɗan wasan da ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga, amma musun da ya fi zafi kuma ya fi daɗewa shi ne na alƙalin wasa. Sai ka ji wani yana cewa, "Haba Malam, wannan ai hannu ne ƙiri-ƙiri, makon jiya an ba ku irinsa." Ɗayan ya amsa, "Yaya, ka dubi maimaicin da kyau, daga cinyarsa ta taso."

Abin da ke hana irin wannan musu ƙarewa shi ne ana cakuɗa hukunci iri uku ana yi musu awo ɗaya. Akwai hukuncin da ake aunawa, wato ko ƙwallo ta wuce layi ko ɗan wasa ya yi satar gida. Akwai wanda doka ta bar wa fahimtar alƙali, kamar hannu da ƙeta da launin kati. Sannan akwai ƙa'idar VAR kanta, wato tsarin duba bidiyo da ke taimaka wa alƙali, wadda ta faɗi inda na'urar take da bakin magana da inda ba ta da shi. In an rarrabe su, za a ga cewa wasu hukunce-hukuncen da ake kira zalunci daidai suke, wasu kuma da ake wucewa ba a ce komai ba su ne kuskuren gaske.

Dokokin ƙwallo guda 17 ne, kuma hukumar IFAB ce take rubuta su tun 1886. Ƙuri'u takwas ne a cikinta: FIFA na da huɗu, Ingila da Sikotiland da Wels da Ailan ta Arewa kowacce ɗaya, kuma sai an samu shida kafin a taɓa wata doka. Kusan kowace shekara sai an yi gyara. Shi ya sa mutumin da ya koyi ƙwallo a filin makaranta shekara ashirin da suka wuce zai iya rantsuwa kan wata doka da gaskiyarsa, alhali an daɗe da sauya ta.

A fara da satar gida, doka ta 11. Tsayuwa a wurin satar gida ita kaɗai ba laifi ba ce. Ɗan wasa yana wannan wuri ne idan yana ɓangaren abokan hamayya, kuma wani sashe na kansa ko jikinsa ko ƙafarsa ya fi ƙwallo kusa da layin raga, ya kuma fi ɗan hamayya na biyu daga ƙarshe kusa da layin. Hannu ba ya shiga lissafi, na mai kai hari ko na mai tsaron baya ko na gola, kuma iyakar hannu ita ce ƙasan hammata. Kafaɗa tana shiga, tunda ana cin ƙwallo da ita. Wanda ya yi daidai da ɗan baya bai yi satar gida ba, haka dokar take tun 1990. Babu satar gida a jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola. Wanda kuma yake bayan ƙwallo lokacin da aka buga masa ita ya tsira, ko da babu kowa a gabansa.

Maganar "na biyu daga ƙarshe" ita ce mutane da yawa ba su riƙe ba, saboda an saba gola ne na ƙarshe, sai a ɗauka ɗan baya guda ya isa. Dokar ba ta ambaci gola ba, mutum biyu ta ce. A wasan buɗe Kofin Duniya na 2010 Carlos Vela na Meziko ya ci Afirka ta Kudu aka soke, masu kallo suka yi ta mamaki domin ga ɗan wasa tsaye a kan layin raga. Gola Khune ya riga ya fito neman ƙwallon, Vela ya wuce shi, saura mutum ɗaya tak tsakaninsa da raga. Mataimakin alƙali ya yi daidai.

Laifin yana tabbata ne idan mai wannan tsayuwa ya shiga wasan: ya taɓa ƙwallon da ɗan'uwansa ya buga, ko ya tare wa gola gani, ko ya yi gogayya da ɗan baya a kan ƙwallon, ko ya amfana da ƙwallon da ta dawo daga turke ko daga jikin ɗan hamayya. A nan awo ya ƙare, fahimta ta shigo. Wurin da ya fi rikitarwa shi ne idan ɗan baya ya taɓa ƙwallon kafin ta isa. In da gangan ya buga ta, satar gidan ta goge. In dukansa kawai ta yi, ko tare ta ya yi tana shirin shiga raga, tana nan daram. A wasan ƙarshe na gasar Nations League ta 2021, Mbappe na Faransa yana cikin satar gida lokacin da Theo Hernandez ya zura masa ƙwallo. Eric Garcia na Sifaniya ya miƙa ƙafa ya ɗan shafe ta, alƙali ya ɗauki wannan a matsayin bugu da gangan, aka bar ƙwallon, Faransa ta ci 2-1. Ke nan an hukunta ɗan baya don ya yi ƙoƙarin yin aikinsa. A 2022 IFAB ta fito da ƙarin bayani cewa bugu da gangan sai ɗan wasa yana da ikon sarrafa ƙwallon: ya hango ta daga nesa, ba ta zo da gudu ba, ya samu lokacin daidaita jikinsa. Miƙa ƙafa cikin gaggawa ba ya cikin wannan.

Sai batun layukan da ake zanawa a talabijin. Ana auna satar gida ne a daidai lokacin da ƙafar mai bayarwa ta fara taɓa ƙwallon. Kyamarar da aka saba aiki da ita tana ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa guda. Ɗan wasan da yake gudun kilomita 30 a awa yana cin kusan mita takwas da ɗoriya a daƙiƙa, wato tsakanin hoto ɗaya da na gaba ya matsa kimanin santimita 17. In ɗan baya yana fitowa shi kuma yana shiga, tazarar ta fi haka. To, idan aka ce yatsan ƙafa ya wuce da santimita biyu, alhali ainihin taɓa ƙwallon ya faɗo tsakanin hotuna biyu, mai ƙorafi yana da hujja. Wannan ne ya sa a Kofin Duniya na Katar a 2022 aka kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, aka kuma sa na'ura a cikin ƙwallon da take aika bayani sau 500 a daƙiƙa, don a san lokacin bugun daidai. Gasar Firimiya ta fara aiki da nata irin tsarin a watan Afrilun 2025.

Wani abin da ke tayar da hayaniya shi ne mataimakin alƙali ya ƙi ɗaga tuta sai an gama kai hari. Umarni ne aka ba su a wasannin da ke da VAR: in abin ya yi kusa kuma ana dab da cin ƙwallo, a bari a ƙarasa, domin ƙwallon da aka ci ana iya soke ta, amma harin da aka tsayar bisa kuskure ba ya dawowa. Dalilin yana da ƙarfi, sai dai yana da tsada. A watan Mayun 2025 Taiwo Awoniyi ya yi karo da turke a wasan Nottingham Forest da Leicester yana bin ƙwallon da tun farko satar gida ce a fili, har sai da aka yi masa tiyata a ciki. Jinkirin an yi shi ne don abin da ke da shakka, kuma mataimakin da ya riƙe tuta a kan tazarar da kowa ya gani ya wuce abin da aka umarce shi.

Maganar ƙwallo ta wuce layi ba ta da tsawo: sai dukkanta ta wuce dukkan layin, a ƙasa ko a sama. Ƙwallo zagayayya ce, gindinta zai iya sauka a waje alhali cikinta yana leƙa layin daga sama. Haka ta faru da ƙwallon da Mitoma ya dawo da ita a wasan Japan da Sifaniya a 2022, wadda ta yi sanadin fitar Jamus. Hoton da aka ɗauka daga gefe ya nuna ciyawa tsakanin ƙwallo da layi, na sama kuma ya nuna ba ta gama fita ba. Mu kuma har gobe ba mu manta bugun Victor Ikpeba a Legas ba, a wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2000, da ƙwallon ta daki sandar sama ta sauka bayan layi alƙali bai gani ba, Kamaru ta ɗauki kofi. Irin wannan ne na'ura ta magance, kuma a nan ba wanda zai yi kewar zamanin da.

Hannu shi ne uwar rigima. Doka ta 12 a yanzu ta ce laifi ne a hali uku. Na farko, ɗan wasa ya taɓa ƙwallo da gangan, misali ya kai hannunsa wajenta. Na biyu, ƙwallo ta taɓa hannun da ya ƙara wa jikinsa faɗi ta hanyar da motsin da yake yi a lokacin bai wajabta ba. Na uku, ya ci ƙwallo da hannu, ko ta taɓa hannunsa nan take ya ci, ko da bai yi niyya ba. Wannan na ukun ya shafi wanda ya ci ne kawai. Tun 2021, in ta taɓa hannun wani bisa tsautsayi sannan ɗan'uwansa ya ci, ƙwallon tana nan.

Duk wahalar tana cikin na biyun. Mutum ba ya tsalle da hannuwa manne a jiki, ba ya zamiya ba tare da ya dafa ƙasa ba, ba ya juyawa da gudu hannunsa bai buɗe ba. Alƙali zai tambayi kansa: wannan hannun, motsin jiki ne ya kai shi wurin, ko an baza shi ne don a tare hanya? Yana duba nisan da ke tsakanin mai bugu da mai tarewa, da ƙarfin bugun, da ko hannun ya haura kafaɗa, da ko ƙwallon ta fara dukan wani sashe na jikin ɗan wasan. Babu ma'auni na santimita a nan ko ɗaya. Alƙalai biyu ƙwararru za su kalli hoto guda su saɓa, kuma kowannensu yana cikin doka.

Misalin da ya fi ci mana rai shi ne na Marcos Rojo a wasan Najeriya da Ajantina a Kofin Duniya na Rasha, 26 ga Yunin 2018. Ana 1-1 bayan fenaritin Victor Moses, Rojo ya sa kai, ƙwallon ta sauka a hannunsa cikin yadi na 18. Alƙali Cuneyt Cakir na Turkiyya ya je ya duba allo ya ce babu komai, Rojon kuma ya ci mu a minti na 86. A lokacin dokar ba ta san komai ba sai ganganci, kuma ƙwallon daga kansa ta faɗo, don haka hukuncin yana da madogara. Amma a wasan ƙarshe na wannan gasar dai, ƙwallo ta taɓa hannun Perisic na Kuroshiya daga kusa, alƙali Nestor Pitana ya daɗe a gaban allo, ya ba Faransa fenariti. Wanda ya jera waɗannan biyun ya ce ba a yi adalci ba, ba son zuciya ne kaɗai ke magana a bakinsa ba. Doka ɗaya, gasa ɗaya, sakamako biyu. A gasar Turai ta 2024 ma ƙwallon Musiala na Jamus ta daki hannun Cucurella na Sifaniya, alƙali Anthony Taylor ya ce a ci gaba, daga baya kwamitin alƙalan UEFA ya ce fenariti ya kamata a bayar.

A ganina babbar matsalar tana wajen girman hukuncin. Cikin fenariti huɗu ana cin kusan uku, wani lokaci fiye. Ƙwallon da aka kwaso daga gefe, wadda wataƙila ba ta da wanda zai same ta, in ta goga hannun ɗan baya a kusurwar yadi na 18 sai ta zama kusan ci. A gefe guda kuma Luis Suarez ya tare ƙwallon Gana da hannu a kan layi a Kofin Duniya na 2010, aka ba shi jan kati aka ba da fenariti, Asamoah Gyan ya daki sanda, Yurugwai ta wuce. Alƙali bai yi kuskure ba, domin doka ba ta ba shi ikon ƙirga ƙwallon da ba ta shiga ba. Ƙaramin laifi yana jawo hukunci mai nauyi, babba kuma wani lokaci ya ci riba. Wannan gyaran na masu rubuta doka ne, alƙalin da ke fili ba shi da yadda zai yi.

Ƙeta hawa uku ce: ta sakaci bugun tazara ne kawai, ta ganganci da rashin damuwa da lafiyar abokin wasa katin gargaɗi, wadda aka sa ƙarfin da ya wuce kima jan kati. Cewa "ai ƙwallo ya fara taɓawa" ba ya wanke mutum idan ƙusoshin takalminsa sun sauka a ƙaurin wani. Shi kuma "ɗan baya na ƙarshe" da ake yawan faɗa, babu shi a doka. Abin da ake dubawa shi ne ko an hana damar ci bayyananniya, ta hanyar nisa da raga, inda aka dosa, yiwuwar mallakar ƙwallon, da yawan 'yan baya da wuraren da suke. Tun 2016, in a cikin yadi na 18 ne kuma ƙwallo ɗan bayan ya nema, fenariti ne da katin gargaɗi. In riga ya ja ko ya tura, jan kati na nan.

Yanzu VAR. An shigar da ita doka a 2018, Firimiya ta karɓe ta a kakar 2019/20. Tsarin da aka kafa ta a kai ya ba ta abubuwa huɗu: ci ko ba ci ba, fenariti ko ba fenariti ba, jan kati kai tsaye, da ba wa wani kati a madadin wani. Ko a cikin waɗannan, ba ta sa baki sai kuskuren ya fito fili ƙarara, ko wani babban abu ya faru alƙali bai gani ba. Tambayar da mai VAR yake yi wa kansa ita ce ko hukuncin da aka yanke a fili kuskure ne da ba ya buƙatar musu, ko da shi da kansa da wani hukuncin zai yanke. Kamar kotun ɗaukaka ƙara take, ba ta sake shari'a daga farko.

Daga nan ne amsar "makon jiya an ba ku irinsa" take fitowa. A ce an yi 'yar turereniya iri ɗaya a wasanni biyu. A na farko alƙali ya busa fenariti, VAR ta ga akwai taɓawa, ba za ta ce kuskure ne bayyananne ba, fenariti ya tsaya. A na biyu alƙali ya ce a tashi, VAR ta ga taɓawar ba ta da ƙarfi, nan ma ba za ta ce kuskure ne bayyananne ba. Abu guda, hukunci biyu, kuma na'urar ta bi ƙa'idarta a duka. Saboda haka kafin a fara musu kan VAR, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne me alƙali ya yanke kafin a duba. A satar gida da layi, mai VAR yana faɗa wa alƙali sakamako a kunne. A hannu da ƙeta kuwa sai alƙali ya je allo da kansa, kuma maganar ƙarshe tasa ce. Ana kuma so a yi amfani da maimaici mai jan hoto a hankali don gano inda aka taɓa kawai, ƙarfin karo kuma a kalle shi da gudunsa na asali, domin jan hoto yana sa kowace haɗuwa ta yi kama da mugunta.

Akwai ƙa'idar da ta fi kowacce tsauri: da zarar an ci gaba da wasa bayan tsayawa, ba a komawa baya, sai a kan ba wa wani kati a madadin wani ko laifin jan kati irin su duka da tofa yawu. A ranar 30 ga Satumban 2023 Luis Diaz na Liverpool ya ci Tottenham ƙwallo mai kyau, mataimaki ya ɗaga tuta. Mai VAR ya ɗauka an bayar da ƙwallon ne a fili, ya duba ya ga babu satar gida, ya ce bincike ya kammala. Alƙali ya fahimci an tabbatar da tutar, aka buga tazara, ƙofa ta rufe. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskuren ta kuma saki muryoyin, Liverpool dai ta sha kashi 2-1. Na'ura ta auna daidai, magana tsakanin mutum biyu ce ta lalace.

Wannan ƙa'idar ce kuma ta yi aiki a kanmu ranar 7 ga Fabrairun 2024 a Bouake, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu. Muna gaba da ci ɗaya na Troost-Ekong, Osimhen ya ƙara ta biyu saura 'yan mintuna, gari ya ɗauki ihu. Sai aka kira alƙali allo, aka soke ƙwallon, aka ba Afirka ta Kudu fenariti saboda Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a ɗaya ƙarshen filin. Mutane da yawa sun ce ta yaya za a koma baya haka. Amsar ita ce ƙwallon ba ta fita ba tun daga ƙetar har zuwa cin, wasa bai tsaya an sake tashi ba, don haka ƙofar a buɗe take. Mokoena ya farke, Nwabali ya tare biyu a bugun fenariti, muka wuce da 4-2. Hukuncin ya yi ciwo, amma daidai ne. Adalci kuma ya sa a tuna cewa a Kofin Duniya na 2014 an soke wa Edin Dzeko na Bosniya ƙwallo mai kyau a kanmu da sunan satar gida, muka ci 1-0 ta ƙafar Odemwingie. Da akwai VAR a ranar, da ta tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ido na talabijin yake bin mu zuwa filayen unguwa da gasannin makarantu a nan Zariya. Matashin da ya saba ganin maimaici daga kusurwa shida yana zuwa bakin fili da tsammanin irin wannan daidaito daga alƙalin da ke da ido biyu da usur, a filin da wani lokaci layinsa da toka aka ja shi, ƙafafu kuma sun share rabinsa kafin a tafi hutun rabin lokaci. Aikin mataimakin alƙali shi ne ya tsaya daidai da ɗan baya na biyu daga ƙarshe, yana gudu a gicciye fuskarsa na kallon fili, kuma a lokaci guda ya san sa'ad da aka buga ƙwallo daga nisan mita talatin ko arba'in. Ido ba ya kallon wuri biyu, shi ya sa ƙwararru suke kafa ido a kan layin 'yan baya su saurari ƙarar bugun da kunne. In ya yi gaba ko baya da mita ɗaya kacal, kusurwar ganinsa ta karkace, wanda yake daidai sai ya zama kamar ya wuce. Mai kallo da ke tsaye a bayan raga ko a tsakiyar fili ya fi shi karkacewa nesa ba kusa ba, ga shi kuma yakan waiwayi ɗan gaba ne bayan ƙwallon ta riga ta tashi, lokacin da mai gudu ya ƙara mita biyu ko uku. A wasan da babu mataimaka ma, alƙali yana yanke satar gida ne daga bayan wasa, wurin da ba a ganin layi sam, kuma abin da ya fi dacewa shi ne masu shirya gasa su nemo mutum biyu da suka san doka ta 11 su riƙe tuta, waɗanda ba 'yan unguwar kowace ƙungiya ba, a kuma sanar da kyaftin-kyaftin tun kafin a take wasa cewa in akwai shakka ba za a ɗaga ba.